Wa Ya Aiko Ki?

Na Gumsu Ahmad

SHAFI NA 6

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku yi haƙuri da karambanina, ni da na saba in karanta na mutane in ja bakina in yi shiru, yau ga ni ina rubuta nawa. Shi ne na farko a rayuwata, in kun ga na kwafsa don Allah ku gyara min a hankali. Masu cewa shafin jiya ya yi kaɗan na ji ku, wallahi sau huɗu ina goge wannan kafin na daure na turo.

Ga wanda yau ya shigo: muna cikin shekarar da soja suka miƙa mulki, a makarantar Hajiya Kaka da ke Fagge. Sakatariya ɗaya ake nema, mai buga tafireta. Hajiya ta ce wannan karon intabiyu na gaskiya take so, ta ɗora wa sabuwar ma'aikaciyarta Ummakulsum alhakin tsara shi. Su uku ne a kwamitin: ita, da shugaban makaranta Malam Wali, da Alhaji Gana na kasuwar Kwari, mai wakiltar iyayen yara.

* * *

Mace ta tara na fita, Ummakulsum ta ajiye biro ta dafe kanta da hannu biyu.

Tambaya biyar ta tsara. Biyar rak. Kwana uku ta ɓata a kansu, ta ba kowa kwafinsa, ga gurbin maki a gaban kowace tambaya, don duk wadda ta shigo a auna ta da mudun da aka auna 'yar uwarta. Kwafin Malam Wali yana ƙarƙashin kofin shayinsa, har ya yi zobe. Na Alhaji Gana kuwa, tun da aka ɗauke wuta ya ninka shi biyu yake fifita.

"Alhaji," ta ce, tana danne muryarta, "don girman Allah wannan karon mu tsaya a kan takardar."

"Wace takarda?"

"Ta hannunka."

Ya ɗaga ta ya duba kamar yau ya fara ganinta.

"Au, wannan? Ai tana aiki, 'yata. Tun ɗazu ita ke ba ni iska."

Malam Wali ya ƙyalƙyale da dariya har shayi ya sarƙe shi.

"Baiwar Allahn da ta fita yanzu," in ji Ummakulsum, "ba wanda ya tambaye ta ko ta taɓa riƙe fayil. Minti goma sha biyu muka yi a kan abin da ya raba ta da mijinta. Da kuka ta fita, Alhaji."

"To ba hali ake nema ba? Shekara talatin ina ɗaukar mutane aiki a Kwari, ban taɓa riƙe takarda ba. In kalli mutum, in ji ɗan gidan wa ne, shi ke nan."

"Nan ba Kwari ba ce."

"Shi ya sa abin minti biyar kuke kai shi azahar."

Malam Wali ya goge baki, ya jawo wasu ƙananan katuna da ya ɗaure da roba. Katunan suna ne irin na manya, kowanne da rubutun biro a bayansa: ga 'yata nan, a taimaka.

"Ke yarinya ce, Ummakulsum, ba ki san wahala ba. Zamanin soja kati ɗaya ke zuwa, ka gan shi ka san inda ka dosa. Yanzu fa? Kansila da katinsa, ciyaman da nasa, ɗan majalisa da nasa, har mai riƙe wa ɗan majalisa jaka ya je ya bugo kati. Goma sha huɗu ne nan. Kujera ɗaya!"

"Shi ya sa Hajiya ta ce a ajiye kati a bi maki."

"Hajiya tana gidanta a kan darduma. Mu ake tarewa a ƙofar masallaci."

In ta biye musu sai la'asar ta yi ba a gama ba, ga shi ƙarfe huɗu Hajiya ke jiran sakamako. Ta tashi ta leƙa baranda, inda sauran masu neman aikin ke zaune a benci.

"Ta goma. Philomena Ugochukwu."

Wata doguwar mace ta miƙe, riga da siket na atamfa, ɗankwali ɗaure tsaf, takardunta cikin leda saboda hadarin da ya haɗo tun safe. Ta shigo ta ɗan rusuna.

"Salamu alaikum. Barkanku da aiki, iyayena. Sannu Anti."

Alhaji Gana ya dakata da fifita.

"Ikon Allah! Ke Hausa a bakinki kamar jakin Kano?"

"A nan aka haife ni, Alhaji. Sabon Gari, bayan kasuwa. Babana gyaran tafireta da keken ɗinki yake yi tun kafin a haife ni."

Ummakulsum ta yi sauri kafin wani ya riga ta.

"Bismillah, zauna. Tambaya biyar za mu yi miki, irin waɗanda muka yi wa kowa, sannan ki buga mana 'yar gajeriyar wasiƙa. Ta ɗaya, ki gaya mana inda kika..."

"Wa ya aiko ki?" in ji Alhaji.

Ummakulsum ta runtse ido.

"Talla na gani a bango, Alhaji, wajen shataletalen Bata."

"Ba bango nake tambaya ba. Wa ya turo ki? Ba ki da kati?"

"Ina da satifiket uku."

"Satifiket ba ya gaisuwa, yarinya. 'Yar wace jiha ce ke?"

"Kano."

"A'a. Asali nake nufi."

"Alhaji," in ji Ummakulsum, "wannan ba ya cikin takarda. Hajiya ta hana, da hannunta ta rubuta. Kuma ko kundin tsarin mulki cewa ya yi kada a nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda ƙabilarsa ko addininsa ko garin iyayensa."

"Wane kundi? Wannan da ko wata uku bai cika ba? Ai in jariri ne ko zama bai fara ba, balle ya ba ni umarni."

"To ba umarninsa ba, na Hajiya."

"Ke komai Hajiya, komai Hajiya, kamar rediyo mai tasha ɗaya."

Malam Wali ya gyara zaman tabarau, ya dubi Philomena ta samansa.

"Kina da aure?"

"Ina da, Malam."

"Ciki fa? Kada mu ɗauke ki yau, jibi ki ce mana hutun haihuwa."

Ummakulsum ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Philomena kuwa ko ƙiftawa ba ta yi ba.

"Malam, da hannu ake buga tafireta."

Alhaji Gana ya yi wani sauti ta hanci, ya maze ya mai da shi tari.

"Ba sai kin amsa ba," in ji Ummakulsum da sauri. "Ba a ba shi maki. Ki yi haƙuri." Sai ta juya ga dattawan biyu. "Minti biyar kawai nake roƙo. Biyar. In na gama ku tambaye ta sunan kakanta na bakwai."

"Yi, yi," in ji Alhaji. "Allah Ya raba mu da ilimin boko a hannun yara."

Haka ta samu ta jero su. Philomena ta faɗi inda ta koyi aiki, da shekara huɗun da ta yi tana buga wa mutane takardu a wani shago cikin kasuwar Sabon Gari. Da aka zo tambaya ta uku Ummakulsum ta ce, "A ce wani uba ya shigo yana faɗa, sakamakon ɗansa yake so yanzu-yanzu, shugaba kuma ba ya nan. Ya za ki yi?"

"In ba shi kujera da ruwa tukuna. Mutum ba ya iya ihu da kofi a bakinsa. In ya sha, sai in tabbatar shi ne uban, don ba duk mai ihu ne uba ba. Sannan in rubuta sunansa da abin da yake so, in gaya masa lokacin da zai dawo, kuma in tabbatar in ya dawo ya samu."

Ummakulsum ta rubuta tara cikin goma. Tun safe ba ta rubuta abin da ya wuce biyar ba.

"In aka ba ki takardar sirri ki buga fa?"

"Abin da na buga yatsuna ne suka gani, Anti. Bakina ba ya wurin."

Har Alhaji sai da ya gyaɗa kai, duk da ya yi sauri ya basar.

"Saura bugu," in ji Ummakulsum, a karon farko tana jin sanyi a ranta. "Ga tafireta can jikin taga. Wasiƙa ɗaya da kwafi ɗaya, minti biyar."

Philomena ta zauna gaban tafiretar, ta shafa ta kamar mai gaida tsohuwar ƙawa. Ta ɗauki farar takarda biyu, ta ɗauki kabon, wannan baƙar takardar da ake sawa tsakani don rubutu ya fito a ta ƙasa. Sai ta ɗaga shi sama wajen hasken taga, yadda duk mai wannan sana'ar ke yi kafin ya sa.

"Anti, wannan ya mutu."

"Da shi kowa ya yi," in ji Malam Wali.

"To kwafinsu bai fito ba, Malam. Duba, ya zama rariya."

Gaskiya ta faɗa. Kabon ɗin makarantar nan ba ya ritaya. Malam Wali ne ke riƙe da kwalin a durowarsa, makulli a aljihu, kuma ba ya fito da sabo sai tsohon ya yage gida biyu.

Alhaji Gana ya samu abin da yake so.

"Haba Malam! Makaranta guda, ɗalibai ɗari huɗu, kabon ya gagara? A gaban baƙi? Wannan ai ko tsiren ƙauye ba a naɗewa da shi."

"Tattali ne, Alhaji."

"A Kwari wani suna muke kiransa."

Malam Wali ya harzuƙa. Ya zaro makulli, ya buɗe durowa da ƙarfi, ya zaro wanda ke sama ya miƙa.

"Ungo! Sabo fil, sau ɗaya aka more shi. A daina cewa ba mu da kaya."

Philomena ta karɓa da hannu biyu, ta ce na gode. Ta ɗaga shi wajen haske.

Ba ta sauke ba.

Ummakulsum na kallon agogo, tana jiran ta ce a fara. Daƙiƙa goma. Ashirin. Hannun Philomena yana sama, idonta na tafiya daga hagu zuwa dama, layi bayan layi.

"Lafiya?" in ji Ummakulsum.

"Malam ya yi gaskiya," in ji Philomena a hankali. "Sau ɗaya aka more shi. Shi ya sa komai ya fito raɗau."

Malam Wali ya daskare, makullin na reto a yatsansa.

"Ɗazu na ce abin da na gani bakina ba ya faɗa. Amma wannan ni ya shafa, da duk waɗanda ke kan bencin can. Da Turanci take, bari in fassara wa Alhaji."

"Ke! Kawo nan!" in ji Malam Wali.

"Zuwa ga Malama Najwa Bashir. Muna farin cikin sanar da ke cewa, bayan tantancewar da kwamiti ya yi, an ɗauke ki aikin sakatariya. Ki fara ranar Litinin." Ta ɗan karkata kabon ɗin. "Kwanan watan jiya ne."

Ummakulsum ta dubi jerin sunayen da ke gabanta. Najwa Bashir. Ta goma sha biyu. Ko shigowa ba ta yi ba.

Malam Wali ya zagayo tebur ya fizge kabon ɗin, ya duƙunƙune shi ya wurga cikin kwandon shara.

"Rashin tarbiyya! Wa ya ce ki karanta? Ai kin faɗi ke nan, mai leƙen asirin ofis!"

"Kai ka miƙo min, Malam."

Ta miƙe, ta ɗauki ledarta. Ummakulsum ta zaci waje za ta yi. Sai ta ga ta tsaya a gabanta.

"Ke ce Ummakulsum Sa'idu?"

"Ni ce."

"Sakatariyar kwamiti. Haka aka buga a ƙasa. Da sa hannu a kai, har shi ya fito."

"Sa hannuna? Ni? Wallahi ban..."

"Kada ki rantse, Anti." Muryar Philomena ba ta tashi ba, shi ya sa ta fi zafi. "Su ban ji haushinsu ba. Tun tambayar farko suka nuna min ko su wa ne. Ke fa? Ke kika ce ba sai na amsa ba. Ke kika ce in yi haƙuri. Ina kallonki kina rubuta maki kamar da gaske."

"Da gaske ne!"

"Wuri shida na je kafin nan. Ko'ina sai a ce ina takardar asali, ko a ce wa ya turo ni. Da na ga tallanku a Bata, an rubuta cancanta kawai, har layi biyu aka ja a ƙasa. Na koma gida na ce wa mamata wannan karon daban ne. Kwana biyar ina atisaye a shagon babana har yatsuna suka kumbura. Tun ƙarfe bakwai nake kan bencinku." Ta ja numfashi. "Da kun rubuta wasan kwaikwayo za a yi, da na zo da gyaɗa."

Cancanta kawai. Ummakulsum ce ta rubuta kalmomin nan, ita ta ja layin biyu da jan biro, tana jin kanta kamar wadda ta gyara Najeriya.

Philomena ta ɗan rusuna wa dattawan.

"A tashi lafiya."

Ta fita ta ja ƙofar a hankali. Da ma ta buga ta da ƙarfi, da ya fi sauƙi.

Ummakulsum ta zauna tana juya maganar. Sa hannunta? Ta yaya? Sai jiya ta faɗo mata, gab da tashi. Malam Wali ya shigo ofishinta da tarin takardun gayyatar taron iyayen yara, yana sauri, bai ajiye su ba, a hannunsa ya riƙe yana ɗaga mata kusurwar ƙasa ɗaya bayan ɗaya. Nan, nan, nan. Haka ake yi a makarantar, kowa haka yake sa hannu. Ta ma tuna akwai wadda biro ya nutse a cikinta kamar an yi mata shimfiɗa, ba ta kawo komai ba.

Ita da ko takardar da aka naɗo ƙosai a ciki sai ta karanta. Ita ce ta sa hannu talatin ba ta karanta ko ɗaya ba.

"Malam," ta ce, "a cikin takardun jiya ka cusa ta."

Malam Wali ya koma kujerarsa. Fushin ya tafi, sai wata natsuwa da ta fi fushin ban tsoro.

"Na cusa? Idonki biyu kika sa hannu."

"Me ya sa ka bari muka tara mata goma sha biyu tun asuba?"

"Hajiya ta ce a yi intabiyu. Ga shi ana yi."

"Innalillahi."

"Saurara, yarinya. Najwa ƙanwar matar sabon kansila ce. Kin ga kwatar bayan makaranta? Duk damina sai ta cika 'yan aji ɗaya da ruwa har gwiwa. Shekara takwas ina rubuta takarda ba wanda ya amsa. Kansilan ya ce kafin wata ya mutu an gyara. Ke da tambayoyinki biyar, wacce ce za ta kwashe kwata?"

"To ka gaya wa Hajiya haka mana! Ka gaya mata a fili!"

"Ta yarda ne?"

"Shi ya sa ka yi da sunana."

"Sunana dai ba ya ciki." Ya kurɓi shayin da ya riga ya huce. "Ke ta ɗora wa. Ke kika rubuta talla, ke kika tsara tambaya, ke kika sa hannu. In magana ta je gabanta, wa kike jin za ta fara sallama? Ni da na shekara goma sha ɗaya, ko ke da ko wata biyu ba ki rufa ba? Ki kira sauran biyun mu gama. In Najwa ta shigo ki ba ta arba'in da biyar, waccan mai bakin ki mai da ita talatin. Ƙarfe huɗu mu kai wa Hajiya, kowa ya kwana lafiya."

Alhaji Gana kuwa ya daina fifita. Ya cire hula ya ɗora a gwiwa, gumi na tsattsafo masa. Sai ga shi ya miƙe tsaye, babbar rigarsa na karkarwa.

"Wannan zalunci ne!"

Ummakulsum ta ɗago.

"Cin amana ne, Malam! Ka ji tsoron Allah!"

Hawaye ya kawo mata. Ashe ta zalunci dattijon nan a zuciyarta. Ashe duk surutun nan akwai gaskiya a ƙarƙashi.

"Ranar Juma'a," in ji Alhaji, yana nuna Malam da yatsa, "a ƙofar masallaci, ka riƙe hannuna ka ce kujerar nan ta 'yar aminina ce! Har na je na yi masa albishir!"

Hawayen ya koma inda ya fito.

"Cewa na yi za a duba, Alhaji."

"Cewa ka yi an gama!"

"An gama dubawa nake nufi."

"Ni za ka yi wa Turancin malamai? Tun safe ka zaunar da ni cikin zafi ina tambayar mutane asalinsu, ashe ni ne ban san nawa matsayin ba!"

"Alhaji rage murya, akwai mutane a waje."

"Su ji! Ina katin da na kawo? Ba ni katina!"

Ya kai hannu kan ɗaurin katunan, Malam ya riƙe ɗaya gefen. Roba ta tsinke. Kansila da ciyaman da ɗan majalisa da mai jaka duk suka watse a ƙasa, dattawan biyu suka duƙa suna tsinta, kowa na ture hannun ɗan uwansa.

Ummakulsum ta dube su. Ta rasa ma abin da za ta ji, takaici ya wuce inda ake kuka.

Kwandon shara yana nan dab da ƙafarta.

In ta bar shi, da yamma za a ƙone shara, magana ta mutu. Ranar Litinin ta zo aiki kamar kowa. Babanta, tsohon malamin firamare, ya ci gaba da faɗa wa abokansa a majalisa cewa 'yarsa ta samu aiki ba da katin kowa ba. In kuwa ta ɗauka, abin da Hajiya za ta fara gani a hasken taga shi ne sunan Ummakulsum Sa'idu, da sa hannun da ba za ta iya cewa ba nata ba ne.

Ta tuna tara cikin goma. Da hannunta ta rubuta shi, wannan kam ta karanta kafin ta rubuta.

Ta saki bironta ya faɗi. Ta duƙa kamar mai ɗauka. Ta ɗago da biro a hannun dama, hagu kuma cikin mayafi.

"Wannan nawa ne!" Alhaji ke faɗa a ƙarƙashin tebur.

"Na ciyaman ne, duba tambarin!"

Ta tattara takardun makin mutum goma, ta rungume a ƙirji. Ta zare takalminta ta riƙe. Ƙofar tana da ƙara in an buɗe ta duka, don haka kaɗan ta buɗe ta bi ta gefe.

A baranda mata biyu suka rage. Ɗaya 'yar yarinya ce da ba za ta wuce sha tara ba, da sabon lalle, tana wasa da zoben hannunta.

"Anti, ni ce Najwa. Zan daɗe? An ce min in zo kawai in zauna a gan ni."

"Kin iya tafireta?"

"An ce za a koya min."

Ummakulsum ta gyara riƙon takardun.

"Ki jira," ta ce.

Sai da ta wuce ajujuwa ta sa takalmi. An fara yayyafi. A bakin titi ta hango atamfar Philomena, matar ta tsayar da tasi, har ta kama murfin ƙofa.

"Philomena!"

Ta juyo. Fuskarta ba yabo ba fallasa.

"Na manta wani abu ne?"

Ummakulsum ta fito da hannunta daga mayafi ta buɗe. Tafin ya yi baƙi ƙirin, kabon ɗin na tsakiya a duƙunƙune.

"Sa hannuna ne. Ban karanta ba na sa, amma nawa ne. Gidan Hajiya mai makarantar zan kai shi yanzu, da makin kowa."

"In ta gani wa za ta fara kora?"

"Ni."

"To me ya kawo ki wurina?"

"Intabiyunki bai ƙare ba. Saura bugu. Akwai tafireta a gidanta, ki buga a gabanta ta gani da idonta."

"In sake zama a sake yi min dariya?"

"Ban yi miki alkawarin komai ba. Na riga na yi ɗaya a bango, kin ga yadda ya ƙare."

Direban tasi ya danna ham, ya leƙo wajen Philomena.

"Hajiya, Sabon Gari ko a'a? Ruwa zai sauko!"

Philomena ta dubi motar, ta dubi baƙin hannun.

Daga tagar ofis har yanzu muryar Alhaji ce ke tashi, ta Malam na bin ta. Ba wanda ya lura kujera ɗaya ta zama wayam. Amma kati goma sha huɗu ba ya daɗewa ana tsinta.

"Lungu na biyu, gida mai koriyar ƙofa," in ji Ummakulsum. "Ni na tafi."

Ta ja mayafi ta rufe takardun, ta tsallaka kwata, ta sulale cikin lungu.

Ba ta yi taku ashirin ba ta ji wani takun a bayanta, da sauri, yana matsowa.

Ta kasa juyawa ta ga na wane ne.